Asusun da Muke Kira Randa

Auwalu, ɗauke hannunka daga kan wannan sunan. Na ce ɗauke! Ke ma Zara, bar dariyar nan, ja kujera ki zauna. Tun safe nake kallonku kuna goge sunayen mutane daga kwamfuta kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa, ban ce muku uffan ba, don wanda ya rasu ya rasu, wanda aka canza wa wurin aiki ya tafi. Amma wannan da aka rubuta Randa, ba za ku goge shi ba ina numfashi. Na ji abin da ka ce, wai ba shi da lambar waya, ba shi da hoto, ba ya biyan kuɗin ƙungiya, don haka ba mutum ba ne. To, ni Lawan na buɗe shi da hannuna. Tunda ƙungiyar malamai ta ce ku za ku gaje ni a ɗakin nan, sai kun ji yadda aka yi.

Ku a ganinku aikin nan danna-danna ne. Ga kwamfutoci a jere, ga firinta ɗaya a kusurwa, kowane ɗan ƙungiya yana da asusunsa da kalmar sirrinsa, an ba shi rabonsa na shafuka a wata, in ya wuce ya biya. Ƙarshen wata a danna, sunaye su fito, a miƙa wa shugaba, a tafi gida a ci tuwo. Yaro man kaza! In haka aikin yake, da ban yi furfura a kansa ba.

Aikin farko da na taɓa bugawa a Nguru na yi shi, a shagon maigidana Ba Kyari, nan bayan 'yan banda. Wani ɗan kasuwar kifi ne ya kawo takardar kayan da zai loda zuwa kudu, duk ta yi ƙaurin hayaƙi, ya ce a buga masa mai kyau. Na buga, na ga layin ƙasa ya karkace, na yaga na sake. Na sake gani sunansa bai yi kauri ba, na yaga na sake. Da mutumin ya tafi, Ba Kyari bai yi mini faɗa ba. Kwandon shara ya jawo, ya zazzage shi a gabana, ya ce, "Shi ya biya wadda ya tafi da ita. Waɗannan kuma ɗan wa zai biya?" Ran nan ban ci abincin rana ba, ba don ya hana ni ba, kunya ce ta cika mini ciki.

A lokacin ba mu da manhajar da ke rubuta wanda ya buga. Abin da muke da shi Ba Kyari yake kira shaidu uku. Na farko mitar da ke cikin firinta, wadda ke ƙirga duk shafin da ya ratsa cikinta, mai kyau da lalatacce. Na biyu takardar da ta rage a sito. Na uku kuwa tona, baƙar hodar nan da ke zama rubutu. Ya ce in ukun nan suka yi baki ɗaya, ka kwanta ka yi barci. In ɗaya ya saɓa, kada ka zargi kowa tukuna, ka zauna ka tambaye shi dalili. Yakan ciro katirij, kwanson da hodar ke ciki, ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "Kwana nawa ya rage mata?" In na faɗa ba daidai ba, ya ja mini kunne. Har yau in na ɗaga katirij na jijjiga, hannuna ya fi wannan allon naku sanin abin da ke ciki.

Wani katin biki ne ya koya mini cewa shafi ba shafi ba ne. Wani saurayi ya zo zai yi aure, ya ce shi katinsa baƙi wuluk yake so, rubutun kuma fari, haka ya gani a Kano. Na karɓi kuɗin da muke karɓa a kan kowane shafi, ina ta murna na samo ciniki. Kafin mu kai rabin aikin, katirij ɗin da aka cika shekaranjiya ya fara fitar da toka-toka. Ba Kyari ya ɗaga katin sama, ya ɗauko wata wasiƙa mai layi biyar ya haɗa su, ya ce, "Mita ta ce ɗaya da ɗaya ne. Kai me ka ce?" Daga ranar na gane takarda ita ce mai arha a cikin aikin. Abin da ke cin mutum hodar ce. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Cika katirij kuwa, ku da kuke saye sabo a kwali ba ku san shi ba. A bayan shago muke yi, mu ɗaure hanci da tsumma, mu huda, mu ɗura da mazurari a hankali, ban da atishawa. Ka wuni kana tofar da baƙin yawu, matarka ta ce ko gawayi ka koma sayarwa. Da damina takarda ta sha danshi ta riƙa maƙalewa a ciki, sai mu fito da ita rana mu shanya kamar kuɓewa, sannan mu kaɗa bakin ƙunshin takardar da yatsa kafin mu zuba. Da bazara firinta ta yi zafi ta tsaya cak, sai ka buɗe mata ciki kana yi mata fifita kamar mai jego.

Su ma masu zuwa bugun, kowa da halinsa. Akwai wani hedimasta daga Karasuwa, Allah ya ji ƙansa, ya zo an ɗauke wuta, kwamfuta na kan batir amma firinta a mace. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya yi ta dannawa kamar mai kiran kurma. Ina tada janareta, firinta ta kama aman jadawalin darasinsa, kwafi bayan kwafi, har ya zubo ƙasa. Ya ce, "Wallahi tallahi sau ɗaya na danna!" Ban ƙaryata shi ba, babba ne. Amma tun daga nan, kafin in ja igiyar janareta sai na leƙa layin ayyukan da ke jira na share na banza. Ku ma ku riƙa yi, don har gobe akwai masu rantsuwar nan.

Da ƙungiyar malamai ta buɗe ɗakin nan a Gashua, ni aka ɗauko daga Nguru, kuma ba don ina da uwa a gindin murhu ba, don an san aikina ne. Ni na ja wayoyin nan, ni na haɗa kwamfutocin da babbar da ke kan teburina, ni na buɗe wa kowane malami asusu. Haɗa na'ura bai ba ni wuya ba. Mutane ne suka ba ni. Ka ce wa mutum kalmar sirri ta shi ce shi kaɗai, ya ce to, gobe yayansa ya tambaye shi, yaya za a yi ya hana? Wani sunan ɗansa na fari ya sa, wanda duk gari ya sani. Wani da alli ya rubuta tasa a bango don kada ya manta. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da lallashi da zolaya, har aka kai lokacin da in ƙarshen wata ya yi na kafe sakamako, ba mai zuwa ya ce an zalunce shi. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ga shekarar da ruwa ya ci gari. Ku kuna yara lokacin, amma kun ji labari. Kogi ya cika ya tumbatsa, gonakin shinkafa suka nutse, hanya ta yanke, kayan da ke zuwa mana daga Kano ta Nguru suka daina isowa kan lokaci. Tona ta yi tsadar da ban taɓa gani ba, in ma ka samu. Shagunan kasuwa suka ninka kuɗin bugu. Mu kuma katirij ɗin da ya saba kai mu ƙarshen wata ya koma ƙarewa a tsakiya. 'Yan ƙungiya suka fara gunaguni, kowa yana cewa shi bai buga komai ba.

Shugabanmu a lokacin Malam Saleh ne, mutum mai haƙuri wanda ya yi shekaru yana koyarwa a ƙauyukan Jajimaji kafin ya dawo gari. Ya kira ni ya ce, "Malam Lawan, fito mini da sunan kowa da abin da ya buga, kada ka rage, kada ka ƙara." Na fitar. Da na ga sunan da ke sama sai da na cire tabarau na goge na mayar. Malam Bukar ne, ma'ajin ƙungiya, kuma bai tsaya kusa da na biyu ba, ya yi masa fintinkau.

Ku ba ku riski Malam Bukar ba. Dogo ne siriri, dattijo, da yatsa ɗaya yake buga rubutu, yana neman kowane harafi kamar wanda ya yar da allura. Kullum a kwamfutar bakin ƙofa yake zama, waccan da Zara ta jingina da ita. Kuɗin ƙungiya a hannunsa yake tun kafuwarta, kuma shi ke jan mu salla a ɗan masallacin nan da ya haɗa bango da ɗakinmu. Asusunsa kaɗai ne ba a sa wa iyakar shafuka ba, saboda aikin ƙungiya, amma a sanina abin da yake bugawa bai wuce takardar kiran taro ba. Amma aikina aikina ne, na miƙa wa shugaba yadda na'ura ta faɗa.

Kafin rana ta faɗi magana ta zaga. Aka ce ma'aji yana buga takardun karatu da hodar ƙungiya yana sayarwa a kasuwa. Aka ce dama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wani matashin malami, Habu, mai zafin kai irin naka Auwalu, ya fito fili ya ce shi ba zai ƙara bin mutumin nan salla ba. In aka kira Azahar sai ya sa takalmi ya tsallaka titi zuwa wani masallacin, wasu biyu suka bi shi. Kwamiti ya sa ranar zama, ranar kasuwa mai zuwa bayan Azahar, don 'yan ƙauye su samu halarta. Kowa ya san abin da za a yi a zaman: a karɓe makullin ma'aji, kuma wanda aka karɓe wa makulli saboda cin amana ba ya ƙara tsayawa gaban sahu. Shugaba ya tambayi Malam Bukar ko yana da ta cewa, ya ce, "Sunana ne a jiki, ba ni da gardama." Shi ke nan.

Ni kuwa na koma wa shaidun Ba Kyari. Mita ta yarda da kwamfuta, shafukan an buga su da gaske. Tona ta yarda, an sha ta. Da na shiga sito sai takarda ta ƙi. In an buga shafuka masu yawa haka, ya kamata sito ya yi ƙasa, amma sai na tarar takarda ta fi abin da ya kamata ya rage. Na duba cikin firinta, na ga wata irin takarda da ba mu muke saye ba, ta ɗan fi tamu laushi, irin wadda ake sayarwa a bakin kasuwa. Na zauna a kan kwali na yi ta juya abin. Ɓarawo ragewa yake yi, ban taɓa ganin ɓarawon da ke ƙarawa ba. Makullin sito kuwa biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya a wurin ma'aji.

Amsar a masallaci ta same ni. Ran nan na makara, na samu ƙarshen sahu ta jikin bangon da muka haɗa da ɗaki. Muna raka'a ta biyu, Azahar ce ba a karatu a bayyane, wuri ya yi tsit, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Tsohuwar firintarmu tana da wata roba da ta cinye a gefe guda, duk shafin da ta ja sai ta yi wannan ƙarar. Ko cikin barci na ji zan gane ta, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta. Allah ya yafe mini, hankalina ya bar sallar nan. Duk wanda ke da asusu ya tafi salla, mai sunan da ake zargi yana gabanmu yana ruku'u, to wa ke bugawa?

Ana sallama na zari takalmi. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da mata uku suna fitowa, kowace ta rungume takardu a cikin hijabi. Ta gaban na san ta, Malama Falmata daga Dagona, malamar sa-kai ce, tana koyarwa ba albashi, don haka ba ta cikin ƙungiya. Sauran biyun ma irinta ne daga wasu ƙauyukan. Ƙafafunsu duk taɓo, don rabin hanya a kwale-kwale suka yi, rabi a ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe ni da Barbarci da Hausa, ta ce, "Wushe Baba, ina wuni."

Na ce, "Lafiya lau. Wa ya buɗe muku?"

Ta ce, "Malam Bukar ne. Ya ce in an tada salla mu shiga, ɗakin ba maza, kwamfutar bakin ƙofa a buɗe take. Ya ce kada mu damu, ya biya."

Na karɓi takarda ɗaya na duba. Jarrabawar lissafi ce ta 'yan aji huɗu, da zanen agogo da na kifi a jiki don yara su ƙirga. Ta ce ruwa ya shiga ajinsu, allo ya jiƙe ya ɓare, a gindin bishiya suke karatu, kuɗin shagon kasuwa kuma ya fi ƙarfinsu. Ba ta san komai game da zancen da ke yawo ba. Na mayar mata na ce su gaida gida.

Bayan La'asar na tare Malam Bukar a gindin dalbejiyar nan ta waje. Na ce, "Allah gafarta Malam, na ga baƙinka."

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "To, ka gani. Amma ban ci hakkin kowa ba, Lawan. Duk abin da suka buga ina sayo takardarsa da kuɗina in zuba. Har ƙari nake yi. Wannan ne ma ya sa hankalina yake kwance, ko mutane sun faɗa, Allah ya sani."

Wallahi sai da na ji kamar kada in faɗa masa. Amma sana'a ba ta yarda da ƙarya ba. Na ce, "Malam, takarda ita ce ƙaramin kuɗi. Hodar ce babba, bana kuma ta fi kowace shekara. Zanen kifin nan guda ya fi wasiƙa uku shan tona."

Na ga carbin hannunsa ya tsaya. Can ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe da dukiyar mutane nake ta sadaka?"

Na ce ai da sauƙi, mu je mu gaya wa shugaba yadda abin yake, a wanke sunansa. Ya kama hannuna ya riƙe gam. Ya ce, "Matan aure ne, Lawan. In aka ji wai tsoho yana bar wa matan mutane ɗaki a buɗe lokacin da maza ke masallaci, ka san abin da bakin garin nan zai mayar da shi. Mazansu za su hana su fita, yaran can su rasa mai koya musu. Gara a ce na ci hoda. Ka yi mini alkawari ba za ka kira sunan kowa ba."

Na yi masa alkawari. Na ce to aƙalla ya rufe asusun har a yi zama, kada adadin ya ƙaru a kansa. Ya ce, "Jarrabawar yara ba ta san da kwamiti ba. Saura darasi biyu ba su buga ba."

Na yi fushi da shi ran nan, fushi na gaske. Mutum yana kallon mutuncinsa na shekara da shekaru zai zube, shi kuma ta kifin 'yan aji huɗu yake yi. Amma na san ba zan iya juya shi ba, kuma ba zan taɓa adadin da ke cikin na'ura ba ko da wuƙa aka sa mini a wuya. In na gyara lamba ɗaya saboda mutumin kirki, gobe ba wanda zai yarda da sauran.

Ranar zama ta zo, ranar kasuwa, ranar da na san matan ke samun abin hawa su shigo gari. Kafin a kira salla na ja Malam Saleh zuwa teburina, na nuna masa adadin da ke kan asusun ma'aji, na ce, "Ranka ya daɗe, riƙe wannan a ka. Sannan ina roƙon alfarma, yau ka tsaya a ƙarshen sahu ta jikin bangon nan, ni ina gefenka. Ka kuma sa Habu ya yi salla a nan yau kaɗai."

Ya ce, "Me zan gani?"

Na ce, "Ba gani ba ne, ji ne."

Habu ya zo yana cin magani, don ba zai iya musa wa shugaba ba. Aka tada salla. Raka'a ta farko shiru, har na ce ko ruwa ya hana su zuwa. Muna tasowa ta biyu sai ga shi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kafaɗar shugaba tana jikin tawa, na ji ta ɗan motsa.

Ana sallama ya miƙe ya fita, Habu ya bi shi da sauri, ni ma na bi su, ko da yake ban shirya abin da zai biyo baya ba. A bakin ƙofar ɗakin nan, daidai inda tabarmar take yanzu, takalman mata ne ƙafa uku a jere, silifa, taɓo ya bushe a jikinsu har ba a gane launinsu. Ga wata lalatacciyar takarda da iska ta turo ta ƙarƙashin labule. Shugaba ya sunkuya ya ɗauka, ya karanta, ya dubi takalman. Mutumin da ya yi koyarwa a daji ba sai an yi masa bayani ba. Habu ya kai hannu zai ɗaga labule, shugaba ya riƙe masa hannun riga, ya ce a hankali, "Mu koma, ban yi nafila ba."

Muka koma. Mutane sun fara neman takalma, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Jama'a, a ɗan zauna. Liman zai yi mana addu'a saboda 'yan'uwanmu da ruwa ya ci." Malam Bukar ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaga hannu. Ban taɓa jin addu'a mai tsawon wannan ba. Duk sanda ya nemi shafawa, shugaba ya ce a ƙara da masu gonaki, a ƙara da masunta, a ƙara da marasa lafiya. Sai da ƙarar nan ta ɗauke, aka ɗan jima, sannan ya ce amin da ƙarfi.

A wurin zama shugaba ya leƙa adadin, ya ga ya ƙaru, ya juyo ya ce, "Ni shaida ne, Habu shaida ne, an buga wannan liman yana gabanmu. Na ga abin da aka buga, jarrabawar yaran ƙauye ce, ba a sayar da ko shafi ɗaya ba. Takardar ma shi ya saya, Malam Lawan zai nuna wa mai so a sito. Wanda ya buga kuwa, ba zan faɗa ba, kuma kada wanda ya tambaya." Sannan ya juya ga Malam Bukar ya ce, "Makulli yana nan a hannunka, Malam. Sai dai hoda ta jama'a ce, da ka shawarce mu."

Malam Bukar ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Zan biya." Aka ce a yafe, ya ƙi. Ragon da yake kiwo don layya ya kai kasuwa, ya aika Nguru aka sayo katirij, ya kawo mini da hannunsa.

A zaman nan ne shugaba ya tambaye ni ko na'urata za ta iya yin wuri ga wanda ba shi da asusu. Na ce za ta iya, in ni ne a kanta. Na zauna na tsara shi yadda kuka gan shi. Ƙarshen wata, duk wanda rabonsa ya yi saura kuma ya yarda, a zuba a ciki. Ba shafi kaɗai nake ƙirgawa ba, har da nauyin hodar da aka sha. Ba ya bugu sai da rubutu mai sauƙin tona, ba ya buɗewa sai a kwamfutar bakin ƙofa, kuma sai lokacin Azahar da La'asar. Ba ya tambayar suna. Na sa masa Randa ne saboda wadda Malam Bukar ke ajiyewa a ƙofar gidansa da moɗa a kai. Nawa aka sha muna sani, mu cika. Wa ya sha, ba ma tambaya. Manyan kamfanoni su zo su nuna mini manhajar da ta zo da wannan a cikinta!

Wanda ya fara zubawa Habu ne. Ya zo teburina, bai iya kallon idona ba, ya ce, "Baba, a juye nawa duka." Washegari shi ya yi iƙama, ya tsaya daidai bayan liman.

Malam Bukar ya riƙe makullin nan har ya kwanta ciwon ajali, kuma bai taɓa yi mini maganar ranar ba, ko sau ɗaya. Sunansa yana cikin waɗanda ka goge da safe, Auwalu. Ina kallo, ban hana ka ba, don shi ya tafi inda ba a bukatar shafi. Malama Falmata kuwa an ɗauke ta aiki tuntuni, asusunta yana nan a layi na uku, duba ka gani, ba watan da ba ta zuba.

To, kun ji. Ga ladan can ya fara gyaran murya. Auwalu, mayar da Randa inda ka same shi, ka buɗe kwamfutar bakin ƙofa, ka saki labule, ka zo mu yi alwala. In mun idar ka ji firinta tana aiki, kada ka yi saurin neman takalmi. Ka tashi ka ƙara nafila.